Lambar da Na Ɗaga Ta Ƙi Sauka

Daren jiya na yi mafarkin da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara da laifina.

Aikina shi ne zama gaban allo ina lura da turakun sadarwar waya na kamfaninmu. Akwai turken wani ƙauye da ƙararrawar zafinsa ke kuka kullum da azahar, daidai ina cin abinci. Maimakon in binciki dalili, sai na ɗaga lambar da ke tayar da ita daga digiri arba'in da biyar zuwa sittin, ta yi shiru. Baturan turken suka kumbura don zafi, ƙauyen ya kwana huɗu babu sabis. Aka dakatar da Malam Isa, mai zagaya turakun a kan babur, wai bai je dubawa ba. Ta ina zai sani, alhali ni na toshe bakin abin da zai kira shi? Ina tsaye aka miƙa masa takardar dakatarwa, ban faɗi cewa laifina ne ba.

A mafarkin, ga ni a ofis da rana tsaka, allo duk kore alamar komai lafiya, amma bango na zufa. Na buɗe wurin gyaran ƙararrawar in mayar da lambar. Ina rubuta arba'in da biyar, tana komawa sittin. Na duba jerin waɗanda suka taɓa ta, kowane layi sunan Isa. Na goge na sa nawa, haruffan suka narke.

Sai kawai na gan ni a gindin turken, tebur ɗina yana cikin yashi. Matan ƙauyen sun hau tudu, kowacce ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, an gyara?"

Sai kawai na ji muryar Isa daga cikin ɗakin batura, ƙofa a kulle. Ba da faɗa ba, yadda yake magana kullum.

"Oga, nan fa zafi ya yi yawa. Bai nuna maka ba?"

Na duba allon, kore.

"To shi ke nan, tunda bai nuna ba, bari in ƙara haƙuri."

Na danna maɓallin gwaji da ƙarfi don ƙararrawar ta yi kuka mutane su zo. Fitilarta ta kama, sauti babu. Na yi ihu, nawa ma babu. Na kama ƙofar, ƙarfen ya manne mini a tafin hannu.

A nan na farka, ana kiran assalatu.

Yau saura kwana biyu kwamitin kamfani ya zauna kan maganar Isa, kuma na san halina, sau uku ina kaiwa ƙofar manaja ina juyowa. Don Allah masu sani, mene ne fassarar ihun da ba ya fita? Ana nuna mini in yi magana ne, ko ana gaya mini lokacin ya riga ya wuce?