Ladanin da Ya Liƙe Bakinsa da Salatif

A duk shekarun da na yi ina leƙa bakunan mutane, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce wata Talata da Malam Habu ladan ya shigo ofishina da takunkumi a fuska, ya zauna a kujera, ya ƙi cirewa. Ku sababbin ma'aikata ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan. Rabin kuskuren da ke cikin labarin nan nawa ne, kuma ba na so in ji wani a cikinku ya maimaita shi.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Gwale. Ga baƙinmu da ba 'yan wannan sana'a ba, ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiyar haƙori ce, Sista kowa yake ce min. Aikina wanke haƙora da na'ura, cike ƙaramin rami, cire wanda ya riga ya fara girgiɗa, da koya wa mutane kula da bakinsu. Abin da ya fi ƙarfina sai in ajiye wa babban likitan haƙori, wanda yake zuwa mana Talata da Alhamis kawai. Kowane mara lafiya yana da kati, duk abin da ka gani da abin da ka yi a nan za ka rubuta, don wanda zai duba shi bayanka ya san inda aka tsaya.

Malam Habu ladanin wani masallacin unguwa ne a Gwammaja, ya haura shekara ashirin yana kiran salla, da rana kuma yana da rumfar huluna a Kurmi. Dattijo ne mai sanyin magana. Kafin wannan Talatar ya zo wurina sau uku, kuma kukansa bai canja ba: dasashin gaba ya yi ja ya kumbura, yana jini, da safe baki yana wari, maƙogwaro a bushe ƙamas. Duk zuwa sai in wanke masa haƙora, in rubuta masa maganin kurkure baki, in rubuta a kati cewa rashin tsaftar baki ne. A zuwa na uku haƙurina ya ƙare, kun dai san halina. Na ce masa, "Malam, wankewa aikina ne, amma ba zan bi ka gida in goge maka ba." Ya sa hannu a aljihu ya zaro asuwaki, ya ce, "Sista, kafin kowace salla nake yi, ban da buroshi safe da dare." Na ce a raina, kowa ma haka yake faɗa.

To ranar Talatar sai da ya roƙi a tura ƙofa sannan ya sauke takunkumin. Leɓensa na sama da na ƙasa duk sun saɓule, gefen gashin bakinsa ya tuge, wurin ya yi jawur. Na ce, "Subhanallahi, Malam, ƙonewa ka yi?"

Ya ce a'a. Sai ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa ba a zuwa ukun baya. Ashe ba dasashin ne ya fi damunsa ba, murya ce. Kullum da asuba yakan tashi maƙogwaro a bushe, ko ya sha ruwa bai sake ba, yana tsakiyar kira sai murya ta sarƙe, tari ya kama shi, lasifika kuma ta kai tarin nan kowane gida a unguwa. Dattawan masallaci sun zaunar da shi cikin mutunci, sun ce idan har azumi ya kama bai samu sauƙi ba, za a ba wani kiran asuba, shi ya riƙe azahar da la'asar. Ranar saura mako bakwai azumi. Ya ce, "Sista, kiran asuba shi ne ladanci. In aka karɓe shi, saura suna ne kawai."

Wani maƙwabcin rumfarsa ne ya nuna masa bidiyo a waya, wai yanzu mutane suna liƙe baki in za su kwanta, don numfashi ya bi ta hanci, su tashi baki da danshi. Malam bai tambayi kowa ba. Ya ɗauko salatif mai faɗin nan ruwan ƙasa da yake ɗaure kwalin huluna da shi, ya manna tun daga wannan kunci har wancan. Kwana uku yana yi, kuma kowane kwana sai ya farka kamar an shaƙe shi, ya fizge da ƙarfi, fata da gashi su biyo.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai wata tambaya ta riga faɗan fitowa. Mutum mai hanci biyu, don an rufe masa baki me zai sa ya shaƙe? Na ɗauki ƙaramin madubin da muke duba haƙora da shi, na ce ya rufe baki ya yi numfashi, na kara madubin a ƙasan hancinsa. Idan hanci a buɗe yake, tururin numfashi yakan dusashe madubin. Ɓangaren dama ya ɗan yi dishi-dishi, na hagu ko alama. Kafin in ƙirga goma Malam ya buɗe baki yana haki. Na tambaye shi in yana alwala ruwa yana shiga hancin? Ya ce ya daɗe rabon da ya wuce ta hagu.

Na je na kira Dakta. Ya duba bakin, ya duba katin, ya ga rubutuna har sau uku. Ya ja ni gefe ya ce, "Sista, haƙoran baya akwai datti?" Na ce babu. Ya ce, "To wane irin mai ƙazanta ne yake goge baya tas, ya bar gaba?" Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba a wurin aiki. Abin a bayyane yake, kuma an koya mana shi a makaranta. Yawu shi yake wanke baki yana kare dasashi. Wanda yake kwana baki a buɗe, iska takan busar da dasashin gaba da maƙogwaro, sai kumburi da wari da dishewar murya su biyo baya, ko da ya fi kowa goge baki. Ni na saba da cewa baki ne nawa, hanci na wani sashe ne, shi ya sa ban taɓa ɗaga ido sama da leɓe ba.

Dakta ya dawo ya yi wa Malam bayani a hankali. Ya ce masu bidiyon ba su yi ƙarya ba a kan cewa numfashi ta hanci ya fi, domin hanci yana tace iska yana jiƙa ta. Amma liƙe baki ba a gama tabbatar da amfaninsa ba, kuma ga wanda hancinsa yake toshe, ko mai munshari mai nauyi da numfashinsa kan tsaya cikin barci, haɗari ne sosai. Bakin da yake buɗewa shi yake ceton sa. Ya rubuta takardar tura shi babban asibiti wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, sannan ya ce min in binciko abin da yake toshe hancin, kuma in nemi wanda yake ganin barcinsa in tambaye shi.

Bayan Dakta ya fita na ce, "Malam, akwai hayaƙi a ɗakin da kake kwana?" Ya kama kallon farcensa. Sai da na maimaita sannan ya ce mai ɗakinsa, Hajiya Falmata, asalin gidansu mutanen Barno ne. Turaren wuta ta gada wurin mahaifiyarta, da hannunta take haɗawa, amare har layi suke yi a gidan. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa barin ɗakinsa ya kwana ba ta sa masa kasko ba. Ya ce ya daɗe da lura da zarar hayaƙin ya tashi sai atishawa, sai hanci ya toshe. Na ce to me ya hana ka faɗa mata? Ya ce, "Abin da take yi don ta kyautata min, ta yaya zan dubi idonta in ce shi yake cutar da ni?" Ya yarda zai kawo ta ranar Alhamis, da sharaɗi ɗaya: komai nasa in faɗa mata, ban da maganar turare.

Ranar Alhamis ƙamshinta ya riga ta shigowa. Mace ce mai kamala, ta zauna ta gyara mayafi. Na sa Malam ya jira a benci a waje. Na ce, "Hajiya, yaya barcin Malam?" Ta ce, "Lafiya lau yake barcinsa, alhamdulillahi." Na san wannan amsar, duk matar kirki a garin nan ita za ta ba baƙo. Sai na faɗa mata maganar dattawan masallaci da wa'adin azumi. Fuskarta ta canja. Ashe bai gaya mata ba.

Daga nan ta saki jiki. Ta ce shekara da shekaru baki a hangame yake kwana, yana munshari, yana tashi shan ruwa. Ta ga salatif ɗin ma, ta zaci mu muka ba shi, shi ya sa ba ta tanka ba. Na ci gaba da tambayoyin da ake yi wa kowa. Akwai taga? Akwai, amma tana rufewa don kada sanyi ya ƙara masa mura. Ana kunna maganin sauro mai hayaƙi? Wani lokaci. In ya fara atishawar me kike yi masa? Ta ce, "Sai in ƙara garwashi in ƙara turare, ɗakin ya yi ɗumi..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dube ni, na dubi katin da ke gabana, don na yi alƙawari.

Ta ce, "Sista, turaren ne ko?"

Na ce, "Ke kika faɗa, Hajiya."

Idonta ya cika. Ta ce, "Shekara talatin bawan Allah nan bai ce min uffan ba." Na ce, "Ke kin taɓa ce masa yana munshari?" Sai ta yi dariya tana goge ido da gefen mayafi, ta ce ina ita ina faɗa wa Malam wannan magana. Na ce mata ba wanda ya ce ta bar sana'ar gidansu. Ta turara kayanta da falonta da rana, taga a buɗe, amma kasko ya daina shiga ɗakin kwana, maganin sauron ma a koma gidan sauro.

Likitan hanci ya duba shi, ya ce cikin hancin ne ya kumbura saboda hayaƙi, kuma Allah ya taimaka ba a ga alamar numfashinsa yana tsayawa cikin barci ba. Ya ba shi maganin fesawa, ya koya masa wanke hanci da ruwan gishiri, ya ce ya riƙa kwanciya a gefe. Malam ya sake tambayar maganar liƙe baki, aka ce ya bari hanci ya buɗe tukuna, in bakin bai daina buɗewa ba ya dawo a zauna. Bai koma a kan wannan ba. Makon farko dai ya zo min rai a ɓace, wai bai ga canji ba, na ce maganin ba tsafi ba ne, ya ci gaba. A mako na huɗu na kara madubi, ɓangare biyun suka dusashe. Kumburin dasashin ya saɓe, jinin ya tsaya. Ranar na ɗauki biro a gabansa na ja layi a kan rubutuna guda uku, na rubuta gaskiyar abin a ƙasa, na ce, "Malam, na yi maka ƙazafin ƙazanta, ka yafe min." Ya ce ai ya yafe tun ranar, amma ya ji zafin maganar. Na ce da gaskiyarsa, dole ya ji.

Ranar ɗaya ga azumi, na gama sahur ina kwashe kwanuka, wayata ta yi ƙara. Hajiya Falmata ce. Ba ta yi sallama ba, ba ta gaishe ni ba, sai na ji kiran salla yana shigowa ta wayar, da alama ta miƙa ta ne ta taga. Na tsaya da kwano a hannu na saurara tun daga farko har ƙarshe, murya tana tafiya sumul. Da ya idar ta mayar da wayar kunnenta ta ce, "Kin ji ko? Bai yi tari ba." Na ce na ji, Hajiya. Daɗin da na ji da asubar nan ya fi na ranar da aka ƙara min girma.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu ba ƙarya suke yi mana ba in sun ɓoye abu, kara suke yi wa wanda suke ƙauna, kuma za su iya kwashe shekaru suna cutuwa a kan haka. Za su ci gaba da zuwa muku da abin da suka gani a waya, kada ku yi musu dariya, ku tambayi abin da ya kai su ga gwadawa. Ni dai tun daga kan Malam Habu har na ajiye aiki, duk wanda ya zauna a kujerata, kafin in ce ya buɗe baki sai na ce ya rufe shi tukuna, in ga ko zai iya numfashi.