Injin surfen acha na ƙanina

Ni ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai kicin, sai bakin ƙofa in mai kayan miya ya biyo layinmu na Gada Biyu. Bokona bai wuce firamare ba, amma abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓace mini. Duk abin da na sani game da jami'a a kicin na ji shi, daga bakin autanmu, wanda na goya har ya zama Dakta.

Aikinsa haɗa injin surfen acha. Wanda ya taɓa surfa acha ya san wahalarta, ƙwayar ƙanana kamar yashi, ga kuma yashin kansa a ciki. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar wajen Vom da muke kira Mama, ita ta sa masa abin a rai. Tun yana ƙarami yake ganin tafin hannunta duk kanta saboda taɓarya. Kowace Kirsimeti takan kawo mana achar da ta surfa ta rege da hannunta, mu kuma da Sallah mu kai mata nama. Ya yi mata alkawarin zai raba ta da turmi, ta ce to ya hanzarta kafin bayanta ya gama lanƙwashewa.

Shekaru ya yi a kan injin nan. Yakan zo da hannu duk baƙin mai, ya ja kujera 'yar tsugunno, ina tuƙa tuwo yana ba ni labari. Nakan ce masa duk karatun nan ashe bakanike za a ƙare, ya yi dariya ya miƙo kwano.

Ranar da ya shigo bai miƙo kwano ba na san da magana. Ya ce manyansu sun samo kamfanin da zai karɓi injin ya riƙa ƙerawa yana sayarwa, har an sa ranar biki. Shi kuwa ya gaya musu injin bai nuna ba. Yana aiki ne da achar da aka busar aka tankaɗe a ɗakin gwaji, amma ta manoma mai danshi da tsakuwa shaƙe shi take yi. Ya roƙi a bar shi kaka ɗaya ya zaga da shi ƙauyuka. Ogansa ya ce an riga an gayyaci manyan Rayfield, unguwar masu hannu da shuni, kuma kowace jami'a tana nuna abin da ta miƙa wa kamfani, gyara zai biyo baya. A rahoton da aka bai wa kamfanin, gwajin da ya yi kyau kaɗai aka saka.

"Yaya, ba ƙarya suka rubuta ba," in ji shi. "Sun dai zaɓi gaskiyar da za su faɗa."

Ban je bikin ba, shi ya ba ni labari. Achar da aka zuba a gaban baƙi an riga an yi mata surfe ɗaya a ɓoye, ta fito fara tas, aka yi ta tafi. Na tambaye shi ko ya ce wani abu. Ya ce an ba shi lasifika, amma don ya yi godiya.

Da ya ji matan zumunta na cocin su Mama za su haɗu su sayi ɗaya, da ƙafarsa ya shiga gidanta, ina bin sa a baya. Ya durƙusa ya ce su dakata, injin da saura. Mama ta kalle ni tana dariya.

"Kin ji ɗan naki? Tun yana yaro haka yake, in an yaba masa sai ya sunkuyar da kai. Dakta, bar kunya, aikinka ne, mu za mu fara saya."

Ya maimaita, ta ce ya isa haka, yaron kirki ba ya yabon kansa, ta sani. A wurinmu wanda ya kushe aikin hannunsa ladabi ya nuna, don haka duk gargaɗin da ya yi ƙara musu ƙarfin gwiwa ya yi.

Suka sayi injin, kaka ta zo. Injin ya shaƙe, in kuma ya yi tafiya sai ya niƙe tsakuwa cikin achar yadda ko an rege ba ta fita. Masu sayen achar suka dawo da kaya. Kamfani ya ce zanen jami'a ne, jami'a ta ce kamfani ya sa ƙarfe marar kauri. Ƙanina ya yi ta zuwa yana kwancewa yana ɗaurawa, har aka ce masa an rufe aikin, an bai wa wani sabon abin nunawa ɗakin gwajin. Injin yana bayan coci yanzu, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Kirsimetin da ta biyo baya Mama ta shigo da kwanonta, a duƙe fiye da da. Ba ta ɗauko zancen ba, ta ce kawai in dafa wa Dakta, ya rame. Na yi gwate, wato faten acha. Ya kai cokali baki ya tauna, babu ko ƙwayar yashi. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ajiye cokalin ya ce ya roƙi a bar shi da koyarwa a aji kawai.

Yanzu hannunsa fes yake zuwa, ba na kiransa bakanike. In yana nan taɓaryar Mama ta fara ta bayan katanga, sai in ƙara muryar rediyo.