Robar Ɗaurin Kaya

Har yau in na ga an yayyanka tsohon tib ɗin tayar babur an yi robar ɗaurin kaya da shi, sai raina ya ɓaci. A gidanmu ana cewa na cika riƙo. To, na ji, ina da shi.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare wajen Sakajiki. Aka tara mu malamai a Kaura Namoda, wata ma'aikaciyar lafiya ta koya mana taimakon gaggawa. Ta fi nanata saran maciji, don ta san ɗalibanmu 'yan gona ne. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da mutum, a sa wa ƙafar itace kamar mai karaya don kada ta motsa, a garzaya da shi asibiti. Na dawo gida ina jin kaina wata likita.

Da kaka ta yi, sai abin ya faɗo kan ƙanena, autanmu. Ɗan kabu-kabu ne, da babur yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa biyu. Yana ɗaurin gero da hantsi kububuwa ta sare shi a idon sawun dama, ƙafar da yake taka birki da ita. Kafin in iso daga makaranta an shimfiɗe shi a zaure. Abokin aikinsa ya riga ya kwance robar bayan babur ya ɗaure masa ƙwauri tamau.

Mu nan, tsayawa a kan mara lafiya hannu sake abin kunya ne. Kowa ya shigo sai ya yi wani abu don a san ya damu. Maƙwabcinmu ya duba ya ce ɗaurin ya yi ƙasa, ya ƙara nasa ƙarƙashin gwiwa. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, ya iso yana haki ya ƙara nasa a cinya, har yana taka bango don ya ja da kyau.

Na ce, "Kawu, don Allah a bar ƙara ɗaurin nan, mu tahi Kaura yanzu. Likita ce ta ce ba a ɗaurewa."

Ko kallona bai yi ba. "Ke ɗiyag ga, mi kis sani ga igiyar ƙasa? Haka munka iske iyayenmu na yi. So kike dahi shi kai mai ga zuciya?"

Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka. Inna ta ja ni ciki, wai ina ɗaga wa manya murya a gaban baƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai, shi kansa mai ciwon cewa yake, "Yaya, ƙyale su. Ku ƙara ja!"

Kawu ya ce a jira mai magani daga wani ƙauye wajen Zurmi. Sai bayan azahar ya iso, ya tsattsaga wurin da reza, ya barbaɗa wani baƙin gari, ya ce kada wanda ya taɓa robar sai gobe. Ana cikin haka la'asar ta yi, kuma kowa ya san bayan la'asar ba mai bin hanyar nan saboda 'yan bindiga.

Da safe ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ta yi sanyi kamar randa. A lokacin ne kowa ya tuna akwai asibiti. Daga Kaura aka tura mu Gusau. Likitan ya daɗe yana kallon sawun robar da ya nutse cikin nama, sannan ya ce mini, "Malama, dafin muna da allurarsa. Naman da ya kwana babu jini ne ba mu da yadda za mu yi da shi." A saman gwiwa suka yanke.

Na zaci ko wannan zai isa darasi. Ina! Masu zuwa dubiya layi suka yi suna yi wa Kawu godiya, wai ba don ya ɗaure da wuri ba da sai dai gaisuwar mutuwa. Ni kuwa ina ta zuba musu ruwa.

Babur dai sayar da shi aka yi. Yanzu ƙanena yana zama a Kasuwar Daji ranar kasuwa, da sandarsa a gefe, yana sayar da kayan gyaran babur da robar da yake yankawa da kansa. Kwanaki na biya in kai masa fura, na iske shi yana miƙa wa wani manomi guda biyu.

"Guda ta kaya," in ji shi, "guda ka aje ga aljihu in za ka gona. Ka gan ni nan? Ita tat tsai da raina."

Ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushi. "Ko ba haka ba, Yaya?"