Gilashin Shayi a Kan Motar Baba

Babana bai taɓa yarda da bakin bakanike ba. Da gilashin shayi yake gwada mota. Zai tayar da inji ya bar shi yana aiki mota na tsaye, ya cika ƙaramin gilashi har baki, ya ɗora a kan bonet. In shayin ya zauna, lafiya lau. In ya fara rawa, ranar ba wanda zai ji daɗinsa a gida. Haka na taso na gan shi yana yi a unguwarmu ta Nima, tun yana jan babbar motar albasa daga arewa har ya tsufa ya ajiye ta, ya sayi wata 'yar tsohuwar mota mai kafireta wadda ta girmi 'ya'yana duka.

Da ita yake kai ni kasuwar Makola kowace safiya da dilolin atamfata, daga nan ya wuce gaishe-gaishensa. Ba wai ban iya tuƙi ba ne, shi da kansa ya koya mini tun ina budurwa. To amma in an raba Baba da sitiyari, me ya rage masa? Mma ta rasu, abokansa na tasha sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Saboda makullin nan yake tashi da safe ya sa rigarsa mai guga.

Wata damina sai motar ta tsiro da wani hali. In tana gudu, sumul. Da zarar an tsaya a danja sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa, salansa na tari, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Ranar da ta mutu mana a tsakiyar shataletalen Circle, hon ta ko'ina, wani kwandastan motar haya da muke ce wa trotro ya leƙo ya zagi Baba da yaren Twi, ya ce tsoho ya koma gida ya kwanta. Na rama masa, wallahi har da ƙari. Baba kuwa yana ta murɗa makulli, gumi na bin gemunsa.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen yayana a Kotobabi. Garin nan ba a ɓoye komai. Ya zo da yamma, ya zauna a kan tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da ita: wai motar lafiyarta ƙalau, ƙafar Baba ce take rawa a kan kuloci, shi ya sa take mutuwa. Ya ce in ta sake faruwa zai karɓi makullin, ba zai jira sai an kira shi daga asibiti ba. Baba ya kalle shi, ya ce, "Yaushe ka fara zuwa wajen motata?"

Daga ranar zargi ya shigo gidanmu ya samu wurin zama. Ka san lungunanmu, mota ba ta shiga, don haka a wani fili kusa da masallaci muke ajiye ta, bakin babbar kwata. Baba ya ce tunda motar tana kwana a waje, to hannu ne yake taɓa ta, kuma ya san hannun wa. Ni ma, gaskiya, zuciyata ta karkata can. Yaya ya daɗe yana maganar a sayar da motar, kuma mutum ne da in ya sa abu a ransa sai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na fara lura da shi: me ya kawo shi unguwarmu ranar Talata? Me ya sa ya tsaya hira da mai gadin filin? Ko gaisuwarsa sai na juya ta a raina.

Baba kuwa bai tsaya kan Yaya kaɗai ba. Ya zargi gidan mai, ya ce suna haɗa fetur da kananzir, muka canza gidan mai, karkarwa na nan. Muka kai wa bakanike a Maamobi, wanda mu a nan muke ce wa fita, ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya ɗan murɗa wata ƙusa don injin ya riƙa ɗaga murya in tana tsaye. Ta yi kamar ta warke, washegari ta koma gidan jiya, ga shan mai ya ƙaru. Baba ya ce ai dama fitan abokin Yaya ne, tare suka yi makarantar allo, me ake tsammani? Bai yarda an bar tsofaffin fulogin a garejin ba, ya ƙulle su a leda ya taho da su gida, wai shaida.

Sai ya ɗana tarko. Bayan magariba ya ɗebi toka a murhun mai kokon ƙofar gidanmu, ya barbaɗa kewaye da motar da kan bonet. Da safe muka je duba sawu. Babu sawun mutum ko ɗaya, sai na akuya da 'yan ƙananan sawun ɓeraye. Na ɗauka zai haƙura. Ina! Cewa ya yi ɓarawon mai wayo ne, ya share sawunsa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da zargin ya iso kaina. Na miƙa hannu zan ɗauki makullin a kan taga don in ɗauko wata leda da na manta a but, sai ya riga ni, ya cusa a aljihu. Ya ce, "Uwata, ke ma an saye ki?" Sunan mahaifiyarsa nake da shi, shi ya sa yake kirana haka, kuma bai taɓa haɗa sunan nan da magana mai ɗaci ba sai ranar. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ce masa Lahadi ba zan je ko'ina ba, ni da shi za mu buɗe motar nan, in mutum ne mu kama shi, in inji ne mu gani. Na kira Yaya na ce shi ma ya zo ya tsaya, don na gaji da raba faɗan da ba a yi a fili.

Ranar Lahadi da hantsi muka hallara a filin. Baba ya zo da butar shayinsa da gilashi. Ya tayar da mota, ya fito, ya ce in zuba in ɗora. A 'yan watannin nan dama ni yake sawa in zuba masa shayi, na ɗauka jin daɗin tsufa ne. Na ɗora gilashin a kan bonet, shayi ya hau rawa har yana zuba. Baba ya juya wajen Yaya, ya nuna kujerar direba da babu kowa a kai. "Ga ni a tsaye a ƙasa," in ji shi. "Ƙafar wa ke kan kuloci yanzu?" Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kam daɗi ya kama ni, har na yi masa gwalo kamar muna yara.

Muka buɗe bonet. Baba ya ce fulogi sabo ne, kafireta a wanke take, wayoyi ya bi su da kansa, saura abu ɗaya: injin yana shaƙar iska ta inda bai kamata ba. In ana gudu ba a ji, amma in an tsaya iskar sai ta fi man yawa, injin ya riƙa shaƙewa. Ya ciro guntun tiyo na ban ruwa daga but, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a jikin injin. Ya yi ta yi, ya canza kunne, bai ji komai ba. Sai ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Na sa a kunne. Da farko ƙara ce kawai. Da na kai bakin tiyon can bayan kafireta, wajen da hannu ba ya shiga da daɗi, sai na ji wani siririn sauti, tsiii, kamar tayar keke tana sacewa. Na cusa hannu na lalubo wani ƙaramin tiyo na roba, na ji rami a jikinsa, na toshe da ɗan yatsa. Nan take injin ya daidaita murya. Na ɗaga yatsa, karkarwa ta dawo. Na toshe, ta tsaya.

Baba ya zare tiyon ya ɗaga shi a rana. Bakinsa har ya buɗe zai ce wuƙa ce, na ga alama, idonsa na kan Yaya. Amma ramin ba yanka ba ne, gwaigwaya ce, ga sawun haƙora reras. Da muka leƙa lungun sai ga kashin ɓeraye da yagaggen ganyen ƙunshin waakye, wato shinkafa da wake, da suka ja suka yi sheƙa. Ruwan damina ya cika kwata, suka hauro suna neman ɗumi. Tun ranar toka suka bar mana sawunsu, mu muna can muna neman mutum. Yaya ya hau babur ya je ya sayo sabon tiyo. Baba ya ce in sa, ya gaya mini yadda zan mayar da ƙusar nan da fita ya murɗa, kaɗan-kaɗan, har injin ya koma muryarsa ta da.

Muka rufe bonet. Na cika gilashi har baki na ɗora. Shayin ya zauna cak, har ana ganin hasumiyar masallaci a cikinsa. Baba ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya ciro hannunsa na dama daga aljihu, ya ɗauki gilashin da kansa.

Kafin ya kai baki rabin shayin ya zube a gaban farar rigarsa. Ya tsaya yana kallon hannun, hannun yana ta rawa, motar kuma a gefensa shiru. Ya riƙe da hannu biyu, bai daina ba. Yaya ya juya yana duba taya, ni na duƙa ina tattara sifana. Tausayinsa ya cika ni. Baba ya ajiye gilashin, ya kashe mota, ya sa makulli a aljihu, muka koma gida.

Washegari na fito da dilolina na tarar ya riga ni zuwa filin. Ya sa wata rigar mai guga, yana zaune a kujerar fasinja, makullin na ajiye a kan kujerar direba. Na tsaya riƙe da ƙofa na kasa shiga.

"Shigo, Uwata, za ki makara," in ji shi. "In yayanki ya tambaya, ki ce masa ba karɓa aka yi ba. Ni na bayar."