Rumbu Biyu, Gara Ɗaya

A gidanmu na Fagge, tatsuniya sai an sauke tuwo. Kakarmu Ya Falmata, Babarbariya ce da ta tsufa a Kano amma Hausarta ta ƙi daidaita, takan zauna bakin murhu tana tura gyaɗa cikin garwashi, mu kuwa mu kewaye ta kamar kaji. Kai, na ji daɗin zamanin nan!

Akwai wata damina da kwatar layinmu ta toshe, ruwa na shiga mana har ɗaki. Baba ya dawo daga taron unguwa yana huci. Wai Mista Okoro, mai shagon kayan gini da ke zuwa daga Sabon Gari, ya ce a karkata kwatar ta bayan shaguna.

"Wai baƙo ne zai koya mana inda ruwa zai bi!" in ji Baba. "Mun ce a yashe ta kawai."

Ya Falmata ba ta ko dube shi ba. Sai ta ce, "Ga ta nan, yara, amma yau har masu gemu su buɗe kunne."

Wai a wani gari, masu zane a fuska da marasa zane a rumbu ɗaya suke tara hatsi. Gara ta fara ci. Aka yi taro, wata mai zane ta ce a ɗora rumbun bisa duwatsu. Wani marar zane ya ce a zuba toka a ƙarƙashinsa. Marasa zane suka ce dutse dabarar masu zane ce, Allah ya kiyaye. Masu zane suka ce toka ƙazantar waɗancan ce. Kowa ya gina nasa rumbun da rabin dabara. Gara ta bi dutse ta hau wannan, iska ta kwashe toka, garar ta shiga wancan. Kafin shuka babu ko ƙwayar iri a garin.

"Sai me, Ya Falmata?" muka tambaya.

"Sai yunwa mana, ja'irai!" Ta shafa zanen kumatunta. "Ni ma da muka zo daga Barno, kafin in rufe baki an gama auna maganata da wannan. Ƙurunƙus, wanda ya ji ya ji."

Da safe dai Baba ya nufi Sabon Gari wurin Mista Okoro. Kwatar nan an yashe ta, an kuma karkata ta, muka daina kwana a kan buhuna don gudun ruwa.

Da ina yaro na ɗauka labarin gara ne. Yanzu da nake zama a taron 'yan kasuwa, nakan ga mutum ya tashi zai yi magana, wasu sun riga sun murtuke fuska don sun ji sunansa. A nan nakan ɗaga hannu in ce, "Jama'a, ku bari ya gama tukuna." Wani lokaci maganar tasa ba ta da kai. Amma sai mun ji muke sani.