Turaren da Baoshun Ya Danna Cikin Toka

A ƙauyukan gefen Cangzhou, ko akuya ka tambaya za ta ce maka kakanta ya iya faɗa. Amma in ana zancen saurin hannu, Geng Baoshun ɗan mai awara ake nufi. Yana saurayi, sau ɗaya zai ga Malam Hao, mai koya musu faɗa, ya juya mashi, kashegari ya maimaita har da ƙarin ado. Abu ɗaya ya tsana a duniya: tsayuwar doki.

Tsayuwar ba ta da abin kallo. Ka buɗe ƙafafu, ka sauke ƙugu kamar kana bisa sirdi, alhali ba doki ba sirdi, cinya ta kwanta, baya ya miƙe. Malam zai kunna tsinken turare ya soka a tukunyar toka, ba mai motsi sai ya cinye. Daga nan ya shige shan shayi, ya bar babban ɗalibi da tsaro. Baoshun ne babban. Malam na ba da baya, sai ya sa yatsa ya danna tsinken cikin toka har rabi.

Kowa ya ji daɗin wannan taimako, ban da Lu Chunlai, siriri marar magana, wanda yakan ci gaba da tsayuwa bayan wutar ta mutu.

"Yaya, turaren nan yau ma ya yi gudu."

"Iska ce."

"A cikin rumfa?"

"To zauna nan ka yi saiwa. In ka yi 'ya'ya ka tsinko mini."

Malam Hao bai taɓa kama shi ba, bai kuma buƙaci kamawa ba. Wata rana ya zunguri cinyarsa da sanda, ya ce, "Hannu na siliki, ƙafa kuwa awarar ubanka." Aka yi dariya. Baoshun ya fi kowa yi.

Shekaru suka ja, suka yi aure, Baoshun ya gaji dutsen niƙan ubansa. Duk sabuwar shekara, in an fito rawar zaki, shi ne mai riƙe ƙwallon ado a gaba, yana tsalle yana alkafura, mata na nuna shi. Cikin rigar zakin mutum biyu ne. Chunlai ne kai. Wutsiya kuwa ba mai ganin fuskarsa, aikinsa ya durƙusa bisa teburan da aka jera kan juna, kai ya hau cinyoyinsa, zaki ya miƙe tsaye ya gaida gabas da yamma, kudu da arewa.

Shekarar da mai wutsiya ya tafi Tianjin aikin gini, ƙauyen maƙwabta suka aiko cewa nasu zakin zai hau tebur, ko na wannan ƙauyen ya tsufa? Ido ya koma kan babban ɗalibi ya shiga wutsiya. Malam Hao, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake tafiya, ya ce a yi wasan a ƙasa.

"A ƙasa, Malam? Sai su ce kyanwa muka kawo."

"Kyanwa tana komawa gida da ƙafarta."

Baoshun ya ji zafin maganar har cikin hanta. Suka gwada a tsakar gida, Chunlai ya hau ya sauka, lafiya lau. Hawa da sauka ba wuya. Ba wanda ya ce a gwada daɗewa.

Ranar bikin, suna shiga riga, Chunlai ya waigo.

"Yaya, za ka riƙe ni?"

"Kai da ba ka kai buhun waken suya ba? Hau, kada ka yi mini tusa a fuska kawai."

Zaki ya gaida gabas, ganga ta ɗauka. Ya gaida kudu. Cinyar Baoshun ta fara rawa, irin rawar da a da yatsa ɗaya ke maganinta. Suna juyawa yamma gwiwarsa ta hagu ta lanƙwasa ciki. Kan zakin ya fara isa ƙasa ya fashe, Chunlai ya bi shi, bayansa ya daki bakin tebur. Masu ganga ba su gani da wuri ba, suka ci gaba da kiɗa.

Bai mutu ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa ne ya daina zama nasa. Mutane suka ce ƙanƙara ce a kan tebur, Baoshun bai gyara musu ba, Chunlai ma haka. Malam Hao bai sake yi wa babban ɗalibinsa magana ba. Da ya rasu, mashinsa ya tafi wajen wani, tukunyar toka aka kawo gidan mai awara.

Matar Chunlai ƙaramar mace ce, ba ta iya sauko da shi daga gadon bulo zuwa kujera. Baoshun ya je. Ɗaukar farko ya yi tangal-tangal, kafaɗar Chunlai ta bugi ƙofa.

"Yaya," in ji shi a hankali, "sau ɗaya ya isa."

Tun ranar, kafin ya taɓa dutsen niƙa, Baoshun yakan fito tsakar gida ya kunna turare, ya soka bakin tsinken kawai a toka, ya buɗe ƙafafu. Babba da gemu, yana koyon abin da yara ke koya, hawaye da majina na daskarewa a fuska. Alkafurar ta tafi, mashin ya tafi. Tsayuwar ce ta zauna.

Yanzu kansa fari fat, gwiwoyin suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Matar Chunlai ta rasu, 'yarsu tana aure nesa. In ƙafar Baoshun ta ƙi, Chunlai zai wuni a kwance cikin fitsarinsa, su biyun sun san haka, ba sa zancen.

Da safen nan ya shiga da kwanon awara mai zafi, ƙamshin turare na bin rigarsa.

"Turaren ya cinye?" in ji Chunlai.

"Har ƙasa."

"Ka makara, amma sannu. Yau za ka riƙe ni?"

Baoshun ya daɗe da daina amsa wannan tambaya da wasa. Ya ajiye kwanon, ya buɗe ƙafafu, ya sauke ƙugu. Ta hagun ta fara rawa tun bai ɗauki komai ba. Ya jira ta lafa, ba ta lafa ba. Ya zura hannu ƙarƙashin Chunlai.