Taku Biyar Na Gindin Aduwa

Ni ne na yi kuskure, Baffa Garba ne ke da gaskiya. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, ya kuma tafi ban faɗa masa haka ba. Ni ba marubuci ba ne, firamare kawai na gama na koma gona, to amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baffa Garba ƙanin mahaifina ne, shi ne kuma mai haƙa kabari a ƙauyenmu da ke kusa da Makoda tun ban san kaina ba. Makabartarmu tsohuwa ce, ta girmi kasuwa, ta girmi masallacin Juma'a, ana ma cewa waɗanda suka sari garin suna kwance a tsakiyarta. A wurinmu ba a rubuta suna a kabari. Tudun ƙasa ne kawai, damina uku ko huɗu ta shafe shi. Saboda haka labarin makabartar duka a kan Baffa yake. Yana da wata ɗabi'a: in an binne mutum an shafa addu'a, ba ya bari a watse nan take. Sai ya ja mutane yana nuni da ƙotar fartanya. Nan maƙerin gari ne. Nan ungozomar da ta yanke cibin rabin ƙauyen. Nan wani baƙo ne mai tallan gishiri da ajali ya riske shi a hanya, sunansa Audu, ba a san garinsu ba, a yi masa addu'a tunda ba shi da kowa. Dattawa na sauraro, mu kuwa muna ƙosawa mu koma aiki.

Gonata ce ta yi iyaka da makabartar. Wanda ya san ƙasarmu ya san babu sarari, gona na jikin gona, kuma abin da na samu a rabon gado bai taka kara ya karya ba. A bakin shingen, ta ciki, akwai wata aduwa, kewayenta shafe babu tudu ko ɗaya. Wata bazara na matsar da ƙayar shingen taku ɗaya. Ba wanda ya tanka. Shekara ta zagayo na ƙara. A hankali sai da na ci taku biyar, aduwar ta dawo cikin gerona.

Baffa ya same ni ina huɗa, ya ce, "Sule, mayar da ƙayar nan inda ka same ta. Akwai mutane a wurin."

Na ce, "Su wa, Baffa?"

Ya ce, "Yara biyu ne, na shekarar ƙyanda."

Na tambayi sunayensu, ya yi shiru ya kawar da kai. Wannan shirun na riƙe. Da magana ta kai ƙofar mai unguwa, a gaban jama'a na ce mutumin da ya san sunan baƙo mai gishiri, yau ya kasa faɗin sunan 'yan gari? Na ce gigin tsufa ne ya fara taɓa shi. Aka yi dariya. Baffa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, mai unguwa ya ce a bar maganar sai an sami shaida. Daga ranar Baffa ya ci gaba da haƙa, amma bai sake nuna wa kowa kabari ba, har ya rasu bayan shekara biyu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a daminar nan garmata ta tono manyan tsingaro a gindin aduwar, jere, irin fasassun tukwanen da ake rufe kabari da su. Na san abin da na gani. Na kwashe su na watsa cikin shinge, na ci gaba da huɗa.

Shekara uku da suka wuce aka je haƙa sabon kabari sai aka faɗa kan tsoho, domin babu sauran wanda ya san inda kowa yake. Daga nan ne limaminmu da malaman firamare suka tsiro da abin da muke kira ranar makabarta, sau ɗaya a shekara kafin ruwan fari. Da safe maza su yi gayya, a share ciyawa, a cike kaburburan da suka rufta, a sa sabuwar ƙaya. Bayan azahar kowa ya zauna a wajen shinge, mata a nasu ɓangaren da tabarmi da kunu. Liman ya ɗauko gungumen icce ya koya wa mutane wanka da sa likkafani. Sannan a bai wa tsofaffi lasifika, kowa ya faɗi wanda ya tuna da inda yake kwance, Malam Habibu hedimasta yana ɗauka a waya yana kuma rubutawa a babban littafi. Har daga Ɗambatta wasu ke zuwa neman inda kakanninsu suke. Da farko an sami masu cewa bidi'a ce. Liman ya ce ba wanda ya zo roƙon mamaci, addu'a muka zo yi musu, mu kuma tuna muna tafe.

Nakan zauna ina tambayar kaina, da Baffa zai leƙo, me zai ce? Ina jin lasifikar za ta ba shi dariya, shi da ko tsawa ba ya yi a wurin. Na tabbata zai tsaya kan Malam Habibu yana gyara masa, domin na ji an sa maƙeri a inda ungozoma take. Abin da na kasa sani shi ne, zai ji daɗin ganin mutum ɗari suna haɗa abin da shi kaɗai ya riƙe, ko zai ce ashe sai da na mutu kuka so ji? Kuma littafin nan, zai yarda da shi? Shi a ganinsa, in ba ka taka wurin da ƙafarka ba, ba ka san mutum ba.

A taron bara aka miƙa lasifika ɓangaren mata, ta isa hannun Inna Kande, matar da Baffa ya bari. Ta ce, "Ku rubuta, gindin aduwa akwai biyu, namiji da mace, kwana shida tsakaninsu. Nawa ne."

Malam Habibu ya ce, "Inna, sunayensu fa?"

Ta ce, "Kai Malam, da iliminka! Ɗaya ɗan fari, ɗaya mai sunan uwar mijina. Uban ma da aka titsiye shi gaban mai unguwa bai faɗa ba, ni ce zan faɗa a lasifika?"

Mata suka yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun kafin a haife ni aka binne su, waɗanda suka raka su ma yawancinsu sun bi su. Ashe kara ce ta rufe bakin Baffa. Ya gwammace a ce ya ruɗe da ya ambaci ɗan farinsa da mai sunan mahaifiyarsa, ko a ce yana jayayya da ɗan wansa saboda nasa. Kuma mai sunan nan, sunan kakata take ɗauke da shi. A kanta na yi shekaru ina shuka gero.

Washegari na mayar da ƙayar, na ƙara da taku ɗaya daga nawa. Amma ƙasa ce kawai na mayar. Baffa bai bar gona mai yawa ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne taron nan da ake yi ba tare da an san shi ya fara ba, da kuma shaidar cewa bai taɓa ƙarya a kan mamaci ba. Wannan shaidar ni na ɓata ta, kuma a gaban jama'a na ɓata ta.

Shi ya sa a taron bana na miƙa hannu aka ba ni lasifikar. Na juya wajen mata, na durƙusa, na ce:

"Inna, na ga tsingaron tun Baffa na raye, na ɓoye. Bai ruɗe ba, ni ne kwaɗayi ya rufe wa ido. Malam Habibu, rubuta haka a littafin, kusa da gindin aduwa. Shi Baffa ba zan same shi ba sai gaban Allah. Ke Inna da na samu, don Allah ki yafe mini."